Dabbobin Gida da Yaƙi da Muguwar Ciyawa a Ƙasar Kano

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ga dacewar ba mu wannan dama. Mai yiwuwa da aka gayyaci tsohon hedimasta an zaci zai tsaya ne a kan rufin azuzuwa da kujerun ɗalibai, amma bana mun zaɓi mu yi magana a kan akuya da tunkiya da ciyawa. Dalilinmu shi ne, da wuya a sami wani a wannan zaure da ba shi da dabba ko gona a gida. Wani ya saya wa mahaifiyarsa tunkiya, wani ana turka masa ragon layya, wani kuma yana aiko da kuɗin taki kowace shekara saboda gonar gado da ke bayan ganuwa. Abin da muke so mu bayyana a yau shi ne, dabba tana iya kashe muguwar ciyawa, tana kuma iya shuka ta. Abin da ke raba waɗannan biyun shi ne lokacin da ta ci ciyawar, da kuma yadda aka sarrafa kashinta kafin ya koma gona.

Darasi daga tafarnuwar daji

Bari mu fara da wani misali daga nesa, domin zai haska mana abin da ke ƙofar gidanmu. A ƙasashen Turai akwai wata ciyawa 'yar'uwar albasa da tafarnuwa, wadda za mu kira tafarnuwar daji. Daga can ta ƙetara zuwa Amurka, inda ta zama annoba ga masu shanun tatsa da manoman alkama. Tana yin kore a lokacin sanyi, sa'ad da sauran ciyayi suka kwanta, saboda haka ita shanu ke fara cin karo da ita. Saniyar da ta ci ta, warin tafarnuwa yakan fito a madararta da manta, wani lokaci har a namanta. A samanta kuma tana fitar da ƙananan 'ya'ya masu girman ƙwayar alkama, waɗanda akan girbe tare da alkamar, su ɓata garin, su karya farashin hatsin. A ƙarƙashin ƙasa tana ajiye wasu kawuna masu taurin ɓawo, da kan yi shekaru suna kwance kafin su tsiro.

Manoman can sun gano abubuwa biyu. Na farko, idan aka janye shanu daga filin sa'o'i da dama kafin tatsa, warin yakan ragu ƙwarai. Na biyu, idan aka sa tumaki suna cinye ganyen tun yana ƙarami, kafin ya fitar da 'ya'ya, aka kuma maimaita haka shekara bayan shekara, kawunan da ke ƙasa sukan rame har ciyawar ta ja baya. Kiwon shekara ɗaya ba ya isa, haka kuma kiwon da aka fara bayan ta zubar da 'ya'ya ba ya hana ta yaɗuwa. Wannan tafarnuwar daji ba ita ce matsalar gonakin Kano ba, amma muna da namu ciyayin masu irin halinta, kuma ƙa'idar yaƙi da su ɗaya ce.

Yadda kakanninmu suka haɗa birni da gona

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara gina ganuwa, Sarki Muhammadu Rumfa kuma, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Ba gidaje kaɗai ganuwar ta kewaye ba, har da gonaki da makiyaya, domin idan abokan gaba suka yi wa birni zobe jama'a da dabbobinsu su sami abin ci. Baturen nan Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya ƙiyasta cewa gidaje ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, shi ma ya tarar da faffaɗan filayen noma a cikin birni a 1851. Ke nan kiwo a cikin birnin Kano tsohon al'amari ne, kuma fatar jar akuyar da majemanmu suka jeme ta daɗe da ƙetara Sahara.

Akwai wani tsari da dattawan da ke nan suka gani da idonsu. Da rani jakuna sukan fita ta Ƙofar Kabuga da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Mazugal da Ƙofar Na'isa ɗauke da mangalolin taki, wato kashin awaki da tumaki da toka da sharar gida, zuwa gonakin Ungogo da Kumbotso da sauran ƙauyukan da ke kewaye. Sukan dawo da itace da kara da harawa. Da damina kuwa doka ce a turke dabbobi, yara su shiga gona su yanko harkiya da gadagi da kyasuwa da balasa su kawo musu. Masanin nan Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi nazarin wannan tsari, aka wallafa sakamakonsa a 1965, kuma daga baya duniya ta riƙa kafa misali da ƙasar Kano a matsayin wurin da mutane suka yi yawa, ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba.

Mu lura da hikimar da ke ciki. Ciyawar da yaro ya yanko a watan Yuli ba ta riga ta yi iri ba. Da yankan nan an rage wa gero kishiya, an ciyar da akuya, an kuma hana ciyawar haihuwa. Kashin akuyar kuma yakan taru a turke tsawon watanni, ya haɗu da fitsari da toka, ya ruɓe kafin jaki ya ɗauke shi. Yau jakunan sun ragu, filayen cikin ganuwa sun zama gidaje, yaran da ke yankan ciyawa suna makaranta, wanda abin farin ciki ne, amma aikin da suke yi bai sami magaji ba. Dabbobi da yawa sun koma kiwon sake a kan titi da bola, taki kuma ana kwasarsa ɗanye a kai gona a mota.

Ciyayi uku da halayensu

Ta farko ita ce aya-aya, wadda wasu ke kira jiji. Ita ce ta fi kama da tafarnuwar daji a hali, domin ƙarfinta yana ƙarƙashin ƙasa, inda take ƙulla 'ya'ya kamar aya a jikin saiwa mai kama da zare. Wani littafi da masana ciyayi suka fitar a 1977 ya sa ta a matsayi na ɗaya cikin miyagun ciyayin duniya baki ɗaya. Masu lambu a bakin Jakara da masu noman rani a Kadawa da Kura sun san ta sarai. Tumaki da shanu suna cin ganyenta, kuma idan suna cinye shi a kai a kai 'ya'yan da ke ƙasa sukan raunana, amma kiwo shi kaɗai ba ya gamawa da ita. Sassabe na sama-sama kuma yakan tsinka zaren ne kawai, kowace ɗiya ta farka ta zama sabuwar uwa. Abin da ke karya ta shi ne a haɗa hanyoyi: a bar dabbobi su cinye ganyen, a yi huɗa mai zurfi da rani domin rana ta busar da 'ya'yan da aka tono, sannan a shuka abin da zai rufe ƙasa da inuwa, kamar wake mai yaɗo ko dankali, domin aya-aya ba ta jure inuwa.

Ta biyu ita ce wuta-wuta, ko ƙuduji, wadda ta fi kowace ciyawa cutar da mai gero da dawa da masara. Tana manne wa saiwar hatsi tana tsotse shi tun kafin ta leƙo waje, shi ya sa manomi kan ga dawarsa ta tsumbure kamar an yi fari alhali ana ruwa. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubu goma-goma, ƙanana kamar ƙura, kuma irin yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran saiwar hatsi. A nan ne dabba kan zama mai shuka. Idan aka saki garke a gona bayan girbi, lokacin da wuta-wuta ta riga ta bushe da irinta, wani sashe na irin yakan fita a kashin dabbar da ransa, wani kuma ya manne a kofato. Sai dai kada mu ɗora wa makiyayi laifin duka. Binciken da masana na cibiyar IITA suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa irin shuka da ake saye a kasuwa, wanda aka sussuka a ƙasa a gonar da ke da wuta-wuta, ya fi shanu kai ta wurare masu nisa. Wanda ya aiko da kuɗi aka sayo masa iri a kwano ba tare da sanin asalinsa ba, zai iya sayo wa gonar mahaifinsa ciwon shekara goma.

Maganinta sananne ne. A tuge ta da zarar ta fara fure, kafin ta yi iri, a tara a ƙone, kada a zuba wa dabba, kada kuma a jefa a kan iyakar gona. A riƙa juya shuka da gyaɗa ko waken soya ko auduga, domin saiwarsu tana yaudarar irin wuta-wuta ya tsiro, ya rasa abin kamawa ya mutu. A ƙara wa gona ruɓaɓɓen taki, domin wuta-wuta ta fi ƙarfi a gajiyayyiyar ƙasa. Wake ma yana da tasa wuta-wutar daban, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tare da IITA sun fitar da irin wake mai jure mata, kamar wanda ake kira Sampea 10, da aka saki ga manoma a 2008.

Ta uku ita ce tafasa. Mu muna cin ganyenta a kwaɗo, amma dabbobi ba su cika son ta tana ɗanya ba. Idan dabbobi suka yi wa fili yawa, sukan cinye ciyawa mai daɗi tun kafin ta yi iri, su bar tafasa ta yi yadda ta ga dama, bayan 'yan shekaru sai a wayi gari makiyayar ta zama dajin tafasa da rai-ɗore. Haka wata ciyawa da ake kira garmani ta mamaye makiyaya da burtali masu yawa a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Wannan ya nuna cewa yawan kiwo a wuri ɗaya ba tare da hutu ba yana taimakon muguwar ciyawa ne. Mu ƙara da ƙarangiya da ƙashin-yawo, waɗanda ke maƙale wa gashin tunkiya su bi ta duk inda ta je. Wanda ya raɗa wa ƙashin-yawo suna ya riga ya gama bayanin yadda take yaɗuwa.

Abin da bai kamata ya shiga bakin dabba ba

Ba kowace ciyawa ake yaƙa da bakin dabba ba, domin wata takan kashe mai cin ta. A dajinmu akwai albasar kura, mai kai kamar na albasa, wadda ke cikin abubuwan da ke fara yin kore a farkon damina, daidai lokacin da dabbobi suka fito daga yunwar bazara. Danginta suna ɗauke da dafi mai taɓa zuciya. Akwai tururubi, wanda makiyaya suka daɗe da sanin yana hallaka shanu. Akwai gyauron dawa, wato sabon tohon da ke fitowa bayan an yanke kara ko bayan fari, wanda kan kashe dabba cikin ɗan lokaci. Irin waɗannan da fartanya ake fitar da su, dabba kuma a nisanta ta da su.

Hatta albasar da muke ci tana da iyaka. Da yawa daga masu kiwo a cikin birni sukan kwaso lawashi da ruɓaɓɓiyar albasa daga kasuwar kayan gwari su zuba wa dabbobi saboda araha. Kaɗan a cikin sauran abinci ba ya cutarwa, amma idan ya yi yawa yakan farfasa ƙwayoyin jinin dabba, ta yi laushi, fitsarinta ya yi ja. Shanu sun fi saurin kamuwa, tumaki da awaki sun fi juriya, amma su ma ba su tsira gaba ɗaya ba. Warin kuma yakan bi madara, kamar dai yadda tafarnuwar daji ke yi a Amurka.

Sababbin haɗura biyu sun ƙaru a zamaninmu. Na farko maganin feshi. Manoma da yawa sun bar fartanya sun koma feshi, kuma mai yankan ciyawar sayarwa ba koyaushe yake sanin an fesa gefen gonar da ya yanka ba. Na biyu leda. Akuyar da aka saki a kan bola tana haɗiye leda saboda ɗanɗanon abincin da ke jikinta, ledar ta dunƙule a tumbi, dabbar ta yi ta ramewa alhali cikinta a kumbure. Mahautanmu na iya ba da shaidar abin da suke cirowa daga tumbin dabbobin birni. Tunkiyar da ɗa ya saya wa mahaifiyarsa domin ta zama jarinta, sau da yawa a nan take ƙarewa.

Shawarwari ga ƙungiya da 'ya'yanta

Na ɗaya, duk wanda ya saya wa iyayensa dabba, ya haɗa da kuɗin turke da rumfa da dusa da harawa. Dabbar da aka saya aka saki a titi ba a gama sayenta ba. Turke yana kare ta daga leda da mota, yana kare ragowar ganuwarmu da 'yan itatuwan da ake dasawa daga barnarta, yana kuma tara mana taki wuri ɗaya.

Na biyu, kada a kai ɗanyen taki gona. A tara shi a rami ko a tsibi, a yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juya shi har ya ɗauki zafi ya ruɓe. Idan zafin cikin tsibin ya kai digiri 55 zuwa 60 na kwanaki, mafi yawan irin ciyawa yakan mutu. A kuma tsince leda da kwalba da batir kafin a loda.

Na uku, mai gona da ke zaune a Legas ko Abuja ya canza tambayar da yake yi a waya. Bayan ya tambayi buhun taki nawa aka zuba, ya tambaya ko an tuge wuta-wuta kafin ta yi iri, ya kuma ware kuɗin wannan aiki daban a watan Agusta da Satumba. Ya tabbatar an sayi irin shuka daga hannun da aka amince da shi, ko a nemi shawarar malaman gona na KNARDA.

Na huɗu, a yi magana da makiyayan da ke sauka a gonakinmu da kaka. Tsohuwar al'ada ce manomi ya ba da kara, makiyayi ya bar taki, kuma al'ada ce mai kyau da bai kamata ta mutu ba. Abin da ake bukata shi ne a tsabtace gonar daga wuta-wuta kafin garke ya shiga. Hakan ya fi sauƙi da arha a kan rigimar da kan kai mutane gaban dagaci ko alƙali.

Na biyar, muna roƙon ƙungiya ta duba yiwuwar farfaɗo da lambun makaranta a firamarenmu, ko da 'yan kunyoyi ne a bayan aji. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai an koya mana aikin gona tare da alli da allo, kuma mun ga yadda yaro ɗan aji huɗu ke iya bambanta harkiya da tofa idan an nuna masa sau ɗaya. Yaron birni na yau yana iya kammala sakandare bai taɓa ganin furen wuta-wuta ba, alhali shi ne zai gaji gonar. Haka kuma ƙungiya za ta iya gayyato likitan dabbobi sau ɗaya a shekara, kafin faɗuwar damina, ya zauna da iyayenmu mata, tunda su ne masu yawancin awaki da tumakin da ke cikin gidajenmu.

Kammalawa

Jama'a, babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da ke bukatar kwangila ko jiran gwamnati. Turke da rami da fartanya da kiran waya a kan lokaci su ne kayan aikin. Abin da suke bukata shi ne haƙuri, domin ciyawar da irinta ke kwana shekara goma a ƙasa ba za ta bar gona a damina ɗaya ba, kuma idan maƙwabci bai tuge tasa ba, iska da ruwa za su dawo mana da ita. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka muna fatan idan Allah Ya kai mu taron baɗi, sakataren ƙungiya zai karanta mana adadin gidajen da suka kafa turke da gonakin da aka tsabtace, kamar yadda yake karanta mana adadin kuɗin da aka tara.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana dukiyarmu, Ya mai da kowa masaukinsa lafiya.